LAMBUN MAI GIDAN HAYA: NOMAN KAYAN MIYA A TUKUNYA, BOKITI DA BUHU

Jawabin da wani Jami'in Watsa Labarai na Tarayya ya yi a wani taron wayar da kan jama'a a Abuja



Kafin in shiga magana ya kamata in shaida muku cewa ni ba malamin gona ba ne. Aikina watsa labarai ne da fassara, watau in ɗauki takardar da masana suka rubuta da Turanci in juya ta da Hausa yadda kowa zai fahimta. Amma dai ɗan manomi ne ni, kuma na yi shekaru ina zaune a hawa na biyu na wani gidan bene a Garki, inda ba ni da ƙasar da ta kai faɗin tabarma wadda zan ce tawa ce. Abin da zan faɗa muku yau, rabinsa karantawa na yi, rabinsa kuwa asara ce ta koya mini.

Ko sunan abin ma sai da muka yi gardama a kansa a ofis. Wani ya ce a kira shi noman buhu, tun da da wannan suna aka fi saninsa yanzu. Wani dattijo a cikinmu ya ce ai ba baƙon abu ba ne, tun muna yara iyayenmu mata suna dasa ɗoɗɗoya da barkono a fasasshiyar randa a gefen madafa. Ni dai zan riƙa cewa lambun tukunya, amma ku sani in na ce tukunya ina nufin duk wani mazubi da zai riƙe ƙasa, ko na yumɓu ne, ko bokiti, ko buhu, ko jarkar da aka yanke.

Me ya kawo wannan magana a birnin da yake tsakiyar ƙasar noma? Ran 3 ga Fabrairu 1976 ne Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar cewa za a gina sabon babban birnin tarayya a nan, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Ƙasar da aka zaɓa ta Gwari ce da Koro da Gade da Gwandara da Bassa, manoman doya da dawa tun kaka da kakanni. A cikin wannan shekara kuma, bayan 'yan watanni, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa da aka sani da Operation Feed the Nation, aka yi ta kiran kowane magidanci ya yi ɗan lambu a bayan gidansa, kowace makaranta ta yi gona. To, ga abin mamaki. Sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta taso daga Legas ran 12 ga Disamba 1991, gidajen da aka zuba yawancin ma'aikata a ciki, a Garki da Wuse da Nyanya da Karu da Kubwa, benaye ne da 'yan ɗakuna marasa bayan gida. Waɗanda Allah ya ba gida mai farfajiya kuwa, saboda gudun caɓi da macizai da neman wurin ajiye mota, suka malale ta da siminti ko suka jera mata bulon daɓe tun daga ƙofa har katanga. Ashe an yi kiran lambun bayan gida, sa'an nan aka gina birnin da ba shi da bayan gida.

Muddin cefane yana da sauƙi ba wanda ya damu. Amma kun ga abin da ya faru a 2016, lokacin da tsutsar nan ta tumatir da manoman Kano suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonaki, har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, mata suka koma miyar karas da manja. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane kwandon da ake kawowa daga Kano da Kaduna da Filato zuwa kasuwannin Dei-Dei da Zuba da Mararraba. A watan Yuli na wannan shekara Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci, kuma a watan Yuni 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya tashi da fiye da kashi 40 cikin 100 a cikin shekara guda. A 2024 ɗin ne kuma Uwargidan Shugaban Ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta sa gasar yin lambu a kowane gida. Wanda yake karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yuli 2024 bai bukatar a yi masa lissafi; uwargidansa tana yi masa kullum safiya.

Sai dai ba zan yaudare ku ba. Ba wanda zai girbe buhun masara a baranda, kuma duk wanda ya ce muku lambun tukunya zai ciyar da iyali, to, yana da abin da yake so ya sayar muku ne. Tuwo daga gona zai ci gaba da zuwa. Abin da tukunya take iya ɗauke muku shi ne wani kaso na miya: ganye, da yaji, da kuɓewa, da tumatir a lokacinsa. Ba kaɗan ba ne wannan, domin a miya ne kuɗin cefane yake tsiyayewa kullum, kuma ita ce farkon abin da ake ragewa in aljihu ya yi sanyi, alhali kuwa a ganyen nan ne yara suke samun abubuwan da suke ƙara jini da lafiyar ido. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Babban kuskuren da mu 'ya'yan manoma muke yi shi ne mu ɗauka tukunya ƙaramar gona ce. Ba haka ba ne. A gona, in ruwa ya yi yawa ƙasa ta shanye, in ya yi ƙaranci saiwa ta nutsa ta nemo laima, in taki ya ƙare a nan ta miƙa can, kuma ba a taɓa jin gona ta rushe don nauyin shuka ba. Duk waɗannan ayyuka da ƙasa take yi wa manomi kyauta, a tukunya kai ne za ka yi su da hannunka. Wanda ya gane wannan ya gama rabin karatun.

Mu fara da mazubin. Mu a wannan yanki ba mu da uzurin rashin tukunya. Ku ciro takardar Naira 20 ku duba bayanta: matar nan da take ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar Gwari daga garin Kwali, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a 1954, a tsohuwar Abuja da yanzu ake kira Suleja, har sunanta ya zaga duniya kafin rasuwarta a 1984. Har gobe matan Ushafa suna wannan sana'a, kuma can aka kai Shugaban Amurka Bill Clinton ya gani a shekarar 2000. Tukunyar yumɓu wadda ba a shafe ta da ƙyalli ba tana numfashi. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, cikinta ya yi sanyi. Dalilin sanyin ruwan randa ke nan, kuma da wannan hikima ce marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar Rolex a 2000. Saiwa tana son wannan sanyi ƙwarai. Aibin tukunyar yumɓu biyu ne: tana da nauyi, kuma tana shan ruwa fiye da roba.

Wanda bai da kuɗin tukunya ya nemi tsohon bokitin fenti mai lita 20, a wanke shi sarai. A ganina shi ne ma'aunin da ya fi dacewa da mai koyo. Buhun shinkafa ko na abincin kaji ya fi araha, ruwa kuma ba ya kwanciya a cikinsa, amma rana tana cin sa, da wuya ya wuce shekara bai fara zubar da ƙasa ba. Abin da na roƙe ku da girman Allah ku guje masa shi ne mazubin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai ko ruwan batir a ciki. Wanki ba ya fitar da su.

Ko wane mazubi ne, tilas a huda gindinsa. A gasa ƙusa a yi huda biyar ko shida, faɗin ɗan yatsa. A littattafan da muka fassara a da, ana cewa a zuba tsakuwa a gindi don ruwa ya wuce. Masana sun auna daga baya sun ga ba haka abin yake ba: ruwa yakan tsaya ne a cikin ƙasar da ke bisa tsakuwar, sai laimar ta matso kusa da saiwa, ga ƙarin nauyi a banza. Tsingaro ɗaya a kan huda don kada ƙasa ta zube ya wadatar.

Yanzu sai ƙasa, kuma a nan ne na sha kashi. Shekarar da na fara, na ba yara kuɗi suka ɗebo mini jar ƙasa daga inda ake haƙa harsashin wani gini. Na cika bokiti takwas, na dasa tumatir, ina ta taƙama. Da damina ƙasar ta zama kunu, da rana ta buɗe ta koma bulo, har ta janye daga jikin bokiti, in na zuba ruwa sai ya bi gefe ya fice ta ƙasa ba tare da ya jiƙa saiwa ba. Tumatir bakwai na ci a bokiti takwas. Uwargida ta ce da kuɗin yaran nan na ba ta da ta sayo kwano biyu.

Jar ƙasar Abuja ta cikin rami ba ta da abinci, ga ta da danƙo. Abin da ake so shi ne baƙar ƙasa ta sama kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, sa'an nan kashi ɗaya na abin da zai buɗe ta iska ta shiga, ko dai yashi mai gwari ko ɓuntun shinkafa. Mai bene ya zaɓi ɓuntu, musamman wanda aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba, domin ba shi da nauyi. Gwajinta mai sauƙi ne: a jiƙa, a dunƙula a hannu, in ta dunƙulu amma ta warwatse da an taɓa ta da yatsa, ta yi. Taki kuwa, na shanu ko na awaki ko kashin kaji, ana samu a kasuwannin dabbobi da gidajen kaji na bayan gari, amma lalle ne a tara shi a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa kamar wata biyu, sai wari ya mutu zafi ya fita. Ɗanyen kashin kaji wuta ne, cikin kwana uku zai ƙone dashe. Haka kuma ɗanyen garin katako na masu yankan katako, in an cuɗa shi da ƙasa, kafin ya ruɓe sai ya ƙwace abincin shuka, ganye ya yi rawaya. Amfaninsa a shimfiɗa shi a sama kawai. Kada kuma a ɗebi ƙasar bola ko ta garejin makanikai ko ta gefen babban titi, komai baƙinta. Ganye yana iya ɗaukar dalma daga ƙasa da ƙura, mu kuwa da muka ga yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ba ma bukatar wani ya yi mana wa'azi a kanta.

Kafin ka sayi iri, ka yi kwana biyu kana lura da rana a wurin da za ka jera tukwanen. Duk abin da ake cin 'ya'yansa, watau tumatir da attarugu da tattasai da kuɓewa da yalo, yana son rana ta sa'a shida ko fiye. Abin da ake cin ganyensa yana haƙuri da sa'a uku ko huɗu. Ga kuma wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai da na zauna a bene. Abuja tana kan mataki na 9 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana takan karkata ta arewa, sauran watannin kuma ta koma ta kudu. Watau barandar da take kallon kudu tana shan rana da rani, ta shiga inuwa da damina, mai kallon arewa kuwa akasin haka. Mai kallon gabas shi ne ɗan gata, don hantsi yake samu. Mai kallon yamma, a watan Maris, sai ya yi wa shukarsa rumfa da tsohon buhu ko zana.

Wanda yake da farfajiyar siminti matsalarsa zafin ƙasa ne. A bazara, lokacin da ma'aunin zafi yake kusantar 40, daɓe yakan yi zafin da ba a iya taka shi ba takalmi, to, haka saiwa take ji ta gindin bokiti. A ɗora tukwane bisa bulo biyu ko katako don iska ta ratsa ta ƙasa, a jera su kusa da juna su yi wa juna inuwa, baƙar roba kuma a naɗe ta da farin buhu.

Mai koyo ya fara da alayyafo. A cuɗa irin da yashi a watsa a baho ko jarkar da aka tsaga a kwance, zurfin ƙasa bai wuce taƙi ɗaya ba, cikin mako uku zuwa huɗu an fara yanka, in kuma an bar gindin zai sake toho. A shuka sabon baho kowane mako biyu, gida ba zai rasa ganye ba. Lalo da rama da yakuwa duk haka suke da sauƙin kai. Albasa mai lawashi ba ta ma bukatar iri: gindin da uwargida ta yanke za ta zubar, a dasa shi. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya da shuwaka reshe ake karya a soka a ƙasa, sai dai a ba na'a-na'a tukunyarta ita kaɗai, don ba ta san iyaka ba. Zogale yana zama a babban bokiti in ana sare kansa duk sa'ad da ya kai ƙugu, ya yi rassa maimakon ya miƙe kamar sanda. Kuɓewa gindi ɗaya ko biyu a bokiti, wajen wata biyu ta fara ba da 'ya'ya. Attarugu yana da jinkiri, amma gindi ɗaya da aka kula da shi yana iya wuce shekara yana haihuwa. In da tukunya ɗaya tak gare ni, shi zan dasa. Akwai kuma masu sa doya a buhu, iri ɗaya a buhu ɗaya, su kafa mata sanda. Wannan na mai farfajiya ne, ba na mai bene ba.

Tumatir shi kowa yake so, shi ne kuma ya fi wuyar sha'ani. Gindi ɗaya a bokiti ɗaya, ban da haɗama. Lokacinsa a nan shi ne a yi reno a ƙarshen Satumba ko Oktoba, a dasa bayan mako uku ko huɗu, a ci a cikin sanyin hunturu. In aka kai shi Maris, zafi yana sa furen ya kaɗe bai ƙulla ba. In aka sa shi tsakiyar damina, cututtukan ganye su taso masa, sai fa barandar da take da rufi. Irin Roma da UC82B, wanda manoma suke ce wa UTC, sun daɗe a hannun mutanenmu. Wanda ya sayi irin aure na gwangwani ya sani cewa in ya ajiye 'ya'yansa ya shuka, ba za su fito kamar uwar ba.

Inda wuri ya yi ƙunci ƙwarai, akwai dabarar tsayar da buhu. A sa gwangwani marar gindi a tsakiyar buhu a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye, a ja gwangwanin sama a maimaita, har a sami ginshiƙin tsakuwa daga gindi zuwa baki. Ta nan ake zuba ruwa ya ratsa ko'ina. Sa'an nan a tsattsaga jikin buhun a dasa ganye a kowace tsaga, buhu ɗaya ya ɗauki gindi ashirin ko fiye. Da wannan dabara ce dubban iyalai a unguwar Kibera ta birnin Nairobi suka riƙa samun ganyen miya tun daga 2008, bayan rikicin zaɓen Kenya ya sa abinci ya yi tsada. Mutanen Habana ta ƙasar Kuba ma, da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 aka daina kawo musu taki da mai, a kan fasassun filayen siminti suka jera kwamin da suka cika da ƙasa da taki. Wahala ce ta koya wa kowa, ba mu kaɗai ba.

Ban ruwa shi ne aikin da ba shi da hutu. Kada a bi agogo, a bi yatsa: a soka shi cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, in da laima a bari, in babu a zuba a hankali har ya fara ɗiga ta ƙasa. Da sassafe ya fi. Babban gindin tumatir a bazara yana iya shan lita biyu a yini, watau bokiti goma sun kusa cinye jarka guda kullum. Wanda famfon Dam ɗin Usuma yake isa gidansa ba zai ji ba, amma wanda yake saye wurin 'yan garuwa a Lugbe ko Karu ya yi wannan lissafi tun kafin ya fara, kada kuɗin ruwa ya fi kuɗin tumatir. Ruwan da muke zubarwa yana da yawa: na alwala, na wankin shinkafa da ganye, da wanda yake ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Duk suna yi. Ruwan wanki mai omo ko bilic ko gishiri ne ba ya yi. A rufe fuskar ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don rage ƙafewa. Mai tafiya ƙauye na kwana biyu ya huda marfin gorar roba, ya cika ta, ya kifa ta cikin ƙasa. In kun ga gindin tumatir yana yin baƙi yana ruɓewa, yawanci ba cuta ba ce, ban ruwa ne na yau a cika gobe a manta.

Tun da kowane ban ruwa yana wanke abinci ta gindi, sai an riƙa mayarwa. Cikin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki kowane mako biyu ko uku, ko kuwa takin zamani NPK 15-15-15 cikin marfin kwalbar lemo ɗaya, a binne a gefen bokiti nesa da kara, a bi da ruwa. Wanda ya ce bari ya ninka don ta yi sauri, gawa zai tarar.

Ƙwari za su zo ko a hawa na nawa kake. Darɓa da farin ƙuda da tsutsa ba sa bukatar matakala. Amma gatan mai tukunya goma shi ne yana iya duba kowane ganye da idonsa. Tsutsar Sharon cikin naman ganye take shiga, shi ya sa feshi bai cika samunta ba. Da ka ga farin zane a ganye, tsinke shi ka murtsuke. Ga sauran, 'ya'yan darbejiya sun isa: a daka ƙwayar, giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ta kwana, a tace, a ɗan sa sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, mako-mako. Ƙadangare mai cin sabon tsiro kuma ragar taga ce maganinsa. Ina gargaɗinku da maganin nan mai ƙarfi da ake fesa wa sauro da kyankyaso a ɗaki. Saboda samun irinsa a cikin wake ne Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, kuma a 2019 Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa. Ganyen da za a yanka jibi a ba yaro bai kamata ya san wannan guba ba.

Saura magana ta nauyi, wadda ba na so kowa ya fita daga ɗakin nan bai ji ta ba. Bokitin lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana kai kilo 25 zuwa 30. Buhun shinkafa cike da ita ya fi nauyin shinkafar da ta fito daga cikinsa nesa ba kusa ba. Duron ruwa mai lita 200 kilo 200 ne cif, ban da nauyin duron. A ƙa'idar ginin Ingila da injiniyoyinmu suka daɗe suna bi, lissafin abin da barandar gidan zama za ta ɗauka yana farawa ne daga wajen kilo 150 a kan kowace murabba'in mita, wannan ma in magini ya ji tsoron Allah wajen rodi da siminti. Gine-ginen da suka rufta a Jabi a 2018, da Kubwa a 2022, da Garki a 2023, ba tukunya ce ta kayar da su ba, amma sun isa su tuna mana cewa ba kowane bene ne aka gina yadda takarda ta ce ba. Saboda haka manyan tukwane su zauna jikin bango, ba bakin baranda ba, duro da buhunan doya su sauka ƙasa, wanda kuma yake son cika rufin kankare da lambu ya kira injiniya tukuna. In ka ga tsaga ko tsatsar rodi ta ɓullo a ƙarƙashin baranda, kwashe kome. Kada a ɗora tukunya a kan dogarin baranda. Guguwar farkon damina a Abuja tana ɗaga kwanon rufi, balle kasko, kuma a ƙasa akwai kan ɗan wani. Masu ƙananan yara su lura da abu biyu: bokiti kusa da dogari matakala ce ga yaro, buɗaɗɗen duro kuma rijiya ce.

Maƙwabci ma yana da hakki. Ni sai da matar da take ƙasa da mu ta hawo da farin zanenta da jan ruwan bokitina ya ɓata, sa'an nan na san ana sa faranti a ƙarƙashin tukunya. Amma farantin nan shi ma sai an zubar da ruwansa kullum, domin sauro yana ƙyanƙyashewa ya tashi cikin kwana bakwai zuwa goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma a 2020 an gano a Jihar Gombe wani baƙon jinsin sauron daga Asiya wanda ya fi son ruwan tanki da bokiti na cikin birni. Sauron shawara ma a tsofaffin tayoyi da irin waɗannan faranti yake haihuwa. Ɗan haya ya nemi yardar mai gida tun da wuri, kada ya tare matakala ko hanyar da jama'a suke bi, kada kuma ya fita ya killace gefen titi ko filin shaƙatawa da sunan lambu, don waɗannan na hukuma ne, tana kuwa da ikon kwashewa.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malaman gona na Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Birnin Tarayya, wanda hedkwatarsa take Gwagwalada, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa. Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa tana Sheda, a kan hanyar Lokoja, kuma tambarinta ne ya kamata ku nema a jikin ƙunshin iri kafin ku biya kuɗi. Shawarata ga wanda zai fara a wannan mako ita ce bokiti uku kawai: ɗaya alayyafo, ɗaya albasa mai lawashi, ɗaya attarugu. In sun kai wata biyu da rai, a ƙara uku.

A bakin ƙofa mun ajiye bokitin da aka huda da ƙasar da aka haɗa, kowa ya sa hannu ya dunƙula ya ji yadda take kafin ya wuce.